Babi na Bakwai: Kwamfuta a Darasin Li'irabi

Duk malamin Turanci da ya taɓa shirya ɗalibai don jarrabawar WAEC ko NECO ya san wata tambaya da ba ta fashi. A sashen fahimtar labari sai a tsamo wani guntun magana daga cikin rubutun, a ce wa yaro ya faɗi sunansa a nahawu, ya kuma faɗi aikin da yake yi a jimlar. Makinta bai taka kara ya karya ba, amma a kanta ake gane wanda ya fahimci yadda Bature ke ɗaure maganarsa da wanda ya yi hadda kawai.

Yaran da ke fitowa daga Paki da Kurmin Kogi a ƙasar Ikara, ko Gazara da Gimi a Makarfi, ko Likoro da Hunƙuyi a Kudan, Hausa suke yi daga asuba har su kwanta. Da ita ake cinikin rake, da ita ake rabon ruwa a fadamar tumatir. Turanci sai an shiga aji, a ajin ma rabi da rabi. Shi ya sa da yawansu suke riƙe wata dabara da suka gada daga yayyensu: in guntun ya fara da "who" ka ce ganga ce mai aikin sifa, in ya fara da "when" ka ce mai aikin bayanau ce. Dabarar takan fisshe su sau da yawa, har ranar da aka kawo jimlar da "when" ɗin ta buɗe gangar da ke zaune a mazaunin suna. Ranar nan yaro ya faɗi, bai kuma san dalili ba.

Abin da ya rasa shi ne ganin jimla a matsayin gini. Ita jimla kamar karan rake take, tana da gaɓoɓi, kuma wanda ya san inda gaɓa take ya san inda zai sa wuƙa. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Ɗalibin zaure da ya karanta Ajurumiyya, ɗan littafin nahawun Larabci na Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, ya saba malam ya jefo masa jimla ya ce yi mata li'irabi: ina fi'ili, ina fa'ili, ina maf'uli, me ya sa wannan ta ɗauki rufu'a waccan ta ɗauki fataha. A sashen Hausa na jami'a kuma ana zana bishiyar li'irabi, a raba yankin suna da yankin aikatau. Aikin nan dai shi aka koya wa kwamfuta ta yi wa Turanci, kuma a yau kowa na iya sauke shi kyauta.

Hanya biyu masana suka bi. Ta farko ita ce a zauna a rubuta wa na'ura dokokin harshe da hannu. Misalin da ya fi burge ni a nan shi ne Link Grammar, wanda Daniel Sleator da Davy Temperley suka fito da shi a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1991. Sun yi ƙamus wanda a cikinsa aka faɗi irin kalmar da kowace kalma ke buƙata a hagunta da damanta. Aikatau mai neman karɓau yana buƙatar suna a gabansa, harafin "the" yana buƙatar sunan da zai jingina da shi. Jimla takan karɓu idan duk kalmomin sun sami abokan haɗi, babu wadda aka bari ita kaɗai, kuma layukan da suka haɗa su ba su ƙetare juna ba. Har yanzu manhajar na nan da ranta, ita ce ma manhajar rubutu ta AbiWord ta ɗauka don duba nahawu.

Hanya ta biyu ita ta yi rinjaye. Daga 1989, a Jami'ar Pennsylvania, Mitchell Marcus da abokan aikinsa suka sa mutane suka bi dubban jimloli suna tabbatar da bishiyar kowacce da hannu, ciki har da kalmomi kusan miliyan ɗaya na jaridar Wall Street Journal. Wannan taska ita ce Penn Treebank. Da aka same ta sai aka rage rubuta doka, aka koma nuna wa na'ura misalai tana ƙirga abin da ya fi yawan faruwa, har ta iya hasashen ginin jimlar da ba ta taɓa gani ba. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, don shi ne tushen ƙarfinta, shi ne kuma tushen duk rauninta da za mu gani a gaba.

Wadda za mu girka a wannan babi sunanta spaCy. Matthew Honnibal ne ya sake ta a 2015, daga baya shi da Ines Montani suka kafa kamfanin Explosion a Balin ta Jamus wanda ke kula da ita. Laburare ce ta harshen kwamfuta na Python, wato tarin aikin da wasu suka riga suka rubuta suka gwada, kai kuma ka kira shi da layi biyu ko uku. Na zaɓe ta a kan NLTK, wadda ta girme ta tun 2001, da Stanza ta Jami'ar Stanford, saboda dalili ɗaya da ya shafe mu: ƙaramin fakitinta na Turanci bai wuce megabait goma sha 'yan kai ba, yana aiki a tsohuwar laftof ta hannu, kuma da zarar ya sauka ba ya sake neman intanet. Malamin da ke Gubuci ko Auchan, inda sabis ke zuwa yana komawa, wannan ne abin da zai fara tambaya.

Da farko a sauke Python daga shafinsa na python.org. A kwamfuta mai Windows, allon farko na girkawa yana da wani ɗan akwati a ƙasa mai cewa a sa Python cikin PATH. A danna shi. Mutane da yawa kan tsallake wannan akwati, daga baya su rubuta umarni kwamfuta ta ce ba ta san abin da ake nufi ba, su ɗauka na'urarsu ce ta lalace. Bayan nan a buɗe tagar umarni, baƙin allon nan da ake rubutu a kai, a rubuta:

pip install spacy

Za a ga layuka suna ta gudu, yana jawo wasu laburarorin da spaCy ta dogara da su. In ya gama, injin ya zauna ke nan, amma bai iya kowane harshe ba tukuna. Sai a sauko masa da Turanci:

python -m spacy download en_core_web_sm

Wanda ya manta wannan mataki na biyu zai gamu da saƙon kuskure mai lamba E050, wanda ke cewa ba a sami fakitin ba. Maganinsa kawai a koma a yi shi.

Abu biyu ne kan kawo cikas a irin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu. Na ɗaya, tsohuwar Windows mai bit 32: ba a tanadi spaCy da aka riga aka harhaɗa dominta ba, sai pip ya yi ƙoƙarin harhaɗawa da kansa ya cije. Na biyu, zubin Python da ya fito jiya-jiya, wanda masu laburare ba su kai ga shirya masa nasu ba. A ɗauki wanda ya kwana biyu, ya fi kwanciyar hankali. Game da data kuwa, ba sai kowa ya ƙona tasa ba. Mutum ɗaya zai iya shiga Zariya ko wani wuri mai sabis mai ƙarfi ya yi amfani da umarnin "pip download spacy", ya kwashe fayilolin da fakitin Turancin a filashi, sauran malamai su girka daga filashin, muddin Windows ɗinsu da zubin Python ɗinsu iri ɗaya ne da nasa. Wanda ba shi da kwamfuta sam yana iya buɗe Google Colab a burauzar wayarsa ya rubuta umarnin a can, sai dai shi kam dole intanet.

Yanzu a buɗe sabon fayil a rubuta wannan. Sunayen "turanci", "jimla" da "kalma" ni na zaɓa, Python bai damu da harshen da ka raɗa wa abubuwanka suna da shi ba:

import spacy
turanci = spacy.load("en_core_web_sm")
jimla = turanci("The farmer sold ripe tomatoes.")
for kalma in jimla:
    print(kalma.text, kalma.pos_, kalma.dep_, kalma.head.text)

A lura layin ƙarshe ya shiga ciki da tazara huɗu. Python na karanta wannan tazara a matsayin ma'ana, in babu ita ba zai yi aiki ba. Ga abin da zai fito:

The DET det farmer
farmer NOUN nsubj sold
sold VERB ROOT sold
ripe ADJ amod tomatoes
tomatoes NOUN dobj sold
. PUNCT punct sold

Kowane layi yana faɗin abu huɗu: kalmar, ajinta, aikinta, da kalmar da ta rataya a jikinta. Aikatau "sold" shi ne saiwa, bai rataya a jikin kowa ba. Manomi shi ne aikau, tumatir karɓau, "ripe" kuma sifa ce da ke bayanin tumatir. Wannan salo na rataya kalma a jikin kalma ya samo asali daga Bafaranshe Lucien Tesnière, wanda aka buga babban littafinsa a 1959 bayan rasuwarsa. Ya bambanta da bishiyar yankuna da aka fi sani ta hanyar Noam Chomsky, amma ɗalibin zaure zai ji shi kusa da gida, domin shi ma tambayar da ya saba ita ce wace kalma ce ta yi aiki a kan wace.

A nan ne amfanin abin ga malami yake. A ba ta jimla irin ta jarrabawa: "The man who bought the sugarcane has gone to Kano." Za ta sa wa "bought" alamar relcl, ta nuna ya rataya a jikin "man". Ma'anarsa ganga ce mai aikin sifa, kuma sunan da take siffantawa shi ne mutumin. Amsar tambayoyin nan biyu ke nan, suna da aiki. In ana son a ga iyakar gangar, inda ta fara da inda ta ƙare, "kalma.subtree" zai jero duk kalmomin da ke ƙarƙashin "bought". Alamar da ba a gane ba kuma a tambayi "spacy.explain". Akwai kuma displaCy a cikinta, mai zana jimlar da bakuna masu kibiya daga kalma zuwa kalma, a gani a burauza. Ni a ganina wannan zane ya fi komai daraja a aji. Yaro ya ga kibiya ta taso daga "gone" ta tsallake kalmomi biyar ta sauka a kan "man", nan take ya gane abin da ya sa aka ce "has" ba "have" ba, ko da a ce sunan da ke kusa da aikatau jam'i ne. Ɗalibin Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, wanda ke kokawa da jimla mai layi huɗu a littafin magunguna, shi ma zai iya sa ta ta tsamo masa aikau da aikatau, sauran ya bi su a hankali.

To amma kada a miƙa mata alli a koma gefe. Masu ita da kansu sun bayyana cewa ƙaramin fakitin nan yana dacewa a kusan kalma 90 cikin 100 a rubutun gwajinsu. A jimla mai kalma 20 ke nan, kada a yi mamaki in biyu sun kauce. Kuma rubutun gwajin irin wanda ta koya ne, taskar OntoNotes, wadda ta ƙunshi jaridu da labaran rediyo da talabijin da hirar tarho da rubutun intanet, mafi yawa da Turancin Amurka. Ba ta taɓa zama a ajinmu ba.

Ga wuri ɗaya da take tuntuɓe. "The trader sold the sugarcane in the lorry." Shin raken da ke cikin motar ya sayar, ko kuwa a cikin motar aka yi cinikin? Duka biyun Turanci ne ingantacce. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar rake ta Makarfi ya ga yadda ake loda manyan motoci zai fi karkata ga ta farko, saboda ya san duniyar da maganar ta fito. Ita spaCy za ta zaɓi ɗaya ta ba ka, ba tare da ta ce akwai wata ba. Link Grammar ya fi ta gaskiya a nan, don yakan faɗi adadin hanyoyin da ya samu, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai Ubuntu zai same shi da "sudo apt install link-grammar", ya kira shi da "link-parser".

Wuri na biyu ya fi haɗari ga mai gyaran insha'i. Ita spaCy ba ta ƙin jimla. In yaro ya rubuta "The boys is going", za ta yi mata li'irabi tsaf, ta sa aikau a wurinsa, ba za ta ce uffan ba game da rashin jituwar jam'i da tilo. An gina ta ne don ta fahimci abin da mutane suka rubuta, kowane iri. Link Grammar kuwa, da yake doka yake bi, zai kasa haɗa jimlar gaba ɗaya ya nuna kalmar da ta rage ba abokin haɗi. Saboda haka malamin da ke neman mai kama kuskure ya nufi tsohuwar manhajar, mai neman nuna gini ya nufi sabuwar. Sannan akwai Turancinmu na gida. "Off the fan" a bakin ɗan Najeriya umarni ne, "off" aikatau ne. Na'urar da ta koyi Turanci daga jaridun Amurka galibi za ta ɗauke shi harafi. Malami mai basira zai mai da wannan darasi: ya sa jimlar a allo, ya tambayi aji me ya sa kwamfuta ta ruɗe, daga nan a shiga bambancin Turancin da ake yi a tasha da wanda mai jarrabawa ke so. Na fi son ajin da yara ke kama kuskuren na'ura a kan wanda suke kwafe amsarta.

Tambayar da kowane Bahaushe zai yi a wannan gaɓa ita ce, ina ta Hausa? A jerin fakitocin da spaCy ta horar akwai Jamusanci da Faransanci da Sinanci da wasu da dama, babu Hausa. Dalilin ba wai Hausa ta fi su wuya ba ne, ba kuma rashin littattafan nahawu ba. M. K. M. Galadanci ya fitar da nasa a 1976, Paul Newman ya fitar da babban kundinsa a 2000, Philip Jaggar a 2001. Abin da ya yi ƙaranci shi ne jimlolin da mutane suka zauna suka yi wa li'irabi ɗaya bayan ɗaya a sigar da na'ura ke karantawa, irin aikin da aka yi a Pennsylvania.

An fara, kuma farawar ta taɓo mu kai tsaye. Akwai wani aikin haɗin gwiwa na duniya mai suna Universal Dependencies, wanda ya fara sakin taskokinsa a 2015, yana amfani da alamomi iri ɗaya ga harsuna fiye da 100. A cikinsa masanin harshe Bernard Caron na Faransa, wanda ya rubuta littafi a kan Hausar Adar a 1991, ya sa taskokin Hausa, ɗaya ta Hausar Adar a Nijar, ɗaya kuma ta Hausar Zariya. Wato irin Hausar da ake ji a Kudan da Makarfi da Ikara tana cikin Hausar farko da aka yi wa wannan hidima. Sai dai ƙanana ne, ba su kai ko kusa da ta Turanci ba, ba su ma kai ta Burokan ɗin Najeriya ba, wadda shi Caron ɗin ya jagoranta. Ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka ta fitar da MasakhaPOS a 2023, inda aka sa wa kalmomi ajinsu a harsuna 20 har da Hausa, kuma masu bincike irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da Idris Abdulmumin na Jami'ar Ahmadu Bello suna cikin waɗanda suka ɗauki aikin Hausa a wannan fage da gaske. Sa wa kalma aji mataki ne, rataya ta a jikin 'yar'uwarta shi ne mataki na gaba.

Wanda zai yi wannan aiki zai tarar da matsalolin da Turanci ba shi da su. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Me kuka gani a gindin kuka da yaro yake kuka?" Kunne ya raba ukun nan ba wahala, amma a takarda haruffa huɗu ne iri ɗaya, sai mahalli ya raba gardama. Masu rubutu a waya kuma sukan yar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, "ƙafa" ta koma "kafa". Sannan ɗauki jimla mai sauƙi, "Manomi ya sayar da tumatir." Wane matsayi za a ba "ya", tunda ga aikau a fili, kuma ita ce ke ɗauke da lokaci da jinsi? Ita kuma "da" ɗin nan ba ta "Audu da Bala" ba ce, ba kuma ta "mutumin da ya zo" ba, tafiyarta ɗaya da aikatau. Kowace irin wannan sai an yanke mata hukunci, an rubuta hukuncin, kowa ya bi shi, in ba haka ba na'ura za ta koyi saɓani.

Sigar da ake rubuta taskar, CoNLL-U, ba ta da wani sirri. Kowace kalma layinta guda, layin kuma yana da gurbi goma: lambar kalma, ita kalmar, asalinta, ajinta, lambar kalmar da ta rataya a kai, sunan dangantakar, da sauransu. Akwai manhajoji irin su Arborator da ke ba mutum damar jan kibiya da linzamin kwamfuta, su kuma su cike guraben. Ɗalibin Hausa a Samaru ko Kano da ke neman batun kundin kammala digiri zai iya ɗaukar jimla ɗari biyu ko uku daga labaran rediyo ko hirar manoman rake, shi da abokinsa kowa ya yi musu li'irabi daban, su zauna su gwada inda suka saɓa, malaminsu ya raba. In fayil ɗin ya kammala, umarnin "python -m spacy convert" zai mai da shi sigar da spaCy ke ci, "python -m spacy train" kuma ya fara horar da ita a kai. Jimla ɗari uku ba za su ba da na'ura mai ƙwari ba, amma in aka haɗa na ɗalibai goma da suka bi ƙa'ida ɗaya, an sami dubu uku da za a iya ɗorawa a kan abin da Caron ya fara.